Ɗigon Jan Farce

A bakin Kasuwar Dole nake da rumfa,
kwano uku, tebur guda, da tsohuwar fanka
mai juyawa in kuran ya ga dama.
Sana'ata fiɗa ce, sai dai ba jini, ba wuƙa:
kwamfuta ta mutu, in buɗe cikinta,
in zaro duk abin da ke da sauran kwana,
ƙwaƙwalwa gefe, faifai gefe,
gilashin fuska in naɗe shi a tsumma.

Da can mai saye kan tako da ƙafarsa,
mu sha shayi, mu ja ciniki, mu yi musafaha.
Yanzu hoto nake ɗauka in saka a waya,
kasuwa ta koma tafin hannu,
ciniki ba ido, rumfa ba ƙofa.

Wata Laraba saƙo ya faɗo da hantsi:
"Maigida, Kalla ne daga Agadas,
faifai huɗu nake so, ƙwaƙwalwa shida."
Bai nemi ragin ko dala ba.
Nan ya kamata in ja birki,
don wanda bai taya ba bai yi niyyar biya ba.
Amma jika tamanin ta rufe min ido,
ga mai haya na sallama tun asuba,
ga Nafisa riƙe da takardar likita.

Ya turo hoton rasit, tambari da kwanan wata,
sunana, Mutari Bara, ba tuntuɓen harafi ko ɗaya.
Ya ce motar arewa ƙarfe biyu take tashi,
"yi sauri don Allah, ɗalibai ke jira."
Na haye kabu-kabu, kwali a cinya,
kuɗin aike ma daga aljihuna na biya,
har na yi wa direba fatan sauka lafiya.

Da la'asar na je gidan karɓar kuɗi.
Yarinyar ta danna lamba, ta sake dannawa,
ta dube ni kallon da ake wa mai jinya:
"Baba, yau kai ne na uku."
Na kira Kalla, layi ya ce a kashe yake.
A sa'ar nan kayana sun wuce Tanut,
suna ta gudu, ba mai waiwaya.

Ban gama karɓar jaje ba sai ga wani,
shi ɗan gari ne, can wajen Garin Malam.
Ya biya lakadan, ya ɗauki uwar allo,
kwana biyu ya dawo yana kumfa:
"Gawa ka sayar min, ba ni kuɗina!"
Jama'a ta taru, mai tsire ya bar wuta.
Na karɓi allon, na juya bayansa.
Kama ɗaya, launi ɗaya, da ɗan ƙaurin ƙuna.
Sai dai duk abin da ya bar rumfar nan
nakan ɗiga masa jan farcen Nafisa
a lungun da ido ba ya leƙawa.
Wannan fes yake, ba ɗigo.
Na ce, "Malam, gawar gidanku ka kawo,
ina ka baro tawa mai numfashi?"
Ya ce bari ya je ya zo da shaida.
Damina biyu ke nan yana kan hanya.

Yanzu kaya ba sa hawa mota
sai kuɗi sun ji ɗumin aljihuna.
Wasu na fushi, su ce ban yarda da mutane ba.
To.

Hoton rasit ɗin yana nan, ban goge ba.
In kuran ya ɗauke da dare nakan buɗa,
in dubi tambarin, yadda ya zauna daram,
in ce shi ma gwani ne, zama ya yi ya koya,
ƙila a wata rumfa irin tawa,
ƙila da faifan da ni na sayar masa.

Jiya Nafisa ta ɗaga kwalbar a haske,
ta girgiza, ta dubi farcena goma,
ta ce, "Wai shan sa kake yi a kasuwa?"